Jirgin Legas ba ya bin Bahar Maliya, to me ya ninka kuɗin kwantena?

Tsakanin Janairu da Yulin 2024, kuɗin dakon kwantena mai ƙafa 20 daga Shanghai zuwa Afirka ta Yamma ya tashi da kashi 137 cikin ɗari, ya kai dala 5,563, a ƙididdigar UNCTAD, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da ciniki. Duk ɗan kasuwar da ya tambayi ejan ɗinsa a Guangzhou ko Yiwu dalilin wannan tsada, amsa ɗaya ya samu, wai rikicin Bahar Maliya ne. Amma wanda ya ɗauki taswira ya duba zai yi turus. Jirgin da ya taso daga Sin zai zo Legas ko Lome ba shi da abin yi a Bahar Maliya. Yana fitowa ta mashigin Malaka, ya ratsa Tekun Indiya, ya kewaya ƙuryar Afirka ta Kudu, sannan ya hauro arewa. Haka hanyarsa take tun kafin a san 'yan Huthi, mayaƙan Yaman da suka riƙa kai wa jirage hari a Bahar Maliya. Ba a harbe shi ba, ba a ƙara masa ko kilomita ɗaya ba, amma kuɗinsa ya ninka har da ɗoriya.

Wasu sun ce zalunci ne kawai na kamfanonin jiragen ruwa, sun samu dalili sun laɓe a bayansa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, zan zo kansa. Sai dai asalin lamarin ya fi haka zurfi. Ba nisan tafiya ne ke yanke kuɗin dako a teku ba. Abin da ke yanke shi shi ne yawan jiragen da ke zaune ba aiki da yawan kwantenonin da ke wofi a ranar da kake son lodi, kuma waɗannan biyun na duniya ne baki ɗaya, babu na Turai daban na Afirka daban.

A ranar 19 ga Nuwamba 2023 mayaƙan Huthi suka sauka daga jirgi mai saukar ungulu a kan Galaxy Leader, jirgin dakon motoci da wani kamfanin Japan ke tafiyarwa, wanda ke da alaƙa da wani attajirin Isra'ila. Suka ja shi zuwa gaɓar Hudaida da ma'aikatansa 25, waɗanda ba su shaƙi iskar 'yanci ba sai Janairun 2025. Huthi sun ce suna yi ne don Gaza, kuma za su hana duk jirgin da ke da alaƙa da Isra'ila wucewa. Wurin da suka zaɓa ya ba su dama ƙwarai. Babul Mandab, ƙofar Bahar Maliya ta kudu, faɗinta bai wuce kilomita 30 ba tsakanin Yaman da Jibuti, kuma duk jirgin da zai bi mashigin Suez daga Asiya dole ya shiga ta nan. Kafin rikicin, kimanin kashi 12 cikin ɗari na cinikin duniya na bi ta Suez, haka ma kusan kashi 30 na kwantenoni.

Ana tsakiyar Disamba, manyan kamfanonin jiragen kwantena, Maersk da Hapag-Lloyd da MSC da CMA CGM, suka dakatar da bin hanyar cikin kwana biyu zuwa uku. Amurka ta haɗa rundunar rakiya, ita da Birtaniya suka fara luguden wuta a Yaman cikin Janairun 2024, Tarayyar Turai ta aika nata jiragen yaƙi a Fabrairu. Duk da haka jirgin Rubymar ya nutse a farkon Maris ɗauke da tan dubu 21 na takin zamani, kuma bayan 'yan kwanaki makami ya faɗa kan jirgin True Confidence ya kashe ma'aikata uku, biyu 'yan Filifin ɗaya ɗan Biyetnam.

Kamfanonin ba su jira jiragen sun fara nutsewa ba, domin masu inshora sun riga sun yi musu lissafi. Inshorar yau da kullum ba ta biyan ɓarnar yaƙi. Idan jirgi zai shiga yankin da masu inshora na Landan suka sa a jerin wurare masu haɗari, sai an sayi wata ta daban, mai aiki na kwana bakwai. Kafin rikicin, kuɗinta a Bahar Maliya bai kai kashi ɗaya bisa goma na kashi ɗaya cikin ɗari na darajar jirgin ba. A lokacin da abin ya yi tsanani ya kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari. Jirgin da ya kai dala miliyan 100 zai biya miliyan ɗaya ke nan don wucewa sau ɗaya, ga kuɗin mashigin Suez da kan kai ɗaruruwan dubban daloli, ga alawus na haɗari da za a ninka wa ma'aikata. Da aka ɗora wannan a sikeli da kuɗin man zagaye ta ƙuryar Afirka, zagayen ya daina zama hasara.

Zagayen kuwa ba ƙarami ba ne. Daga Asiya zuwa arewacin Turai ta ƙuryar Afirka ta Kudu akwai ƙarin sama da kilomita 6,000, kwana goma zuwa sati biyu. A nan ne maganar ta fara shafarmu.

Jiragen kwantena ba sa tafiya yadda suka ga dama. Kamfani yakan yi alkawarin cewa duk mako, rana kaza, jirginsa zai tsaya a Ningbo, rana kaza a Singafo, rana kaza a Rotterdam. A ce zuwa da dawowa na cin mako 12. Don a cika alkawarin nan na mako-mako, sai an jera jirage 12 a kan layin, ɗaya na bin bayan ɗaya. To an ƙara kwana goma a zuwa, kwana goma a dawowa, tafiya ta koma kusan mako 15. Ko dai a nemo ƙarin jirage uku, ko a riƙa tsallake wasu makonni kaya na taruwa a tasha, ko a ƙara gudu. Gudun ma ba arha ba ne, don shan man jirgin ruwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da saurinsa, ɗan ƙarin gudu kaɗan na iya ƙara shan mai da kashi ɗaya bisa uku. Akasari sun haɗa duka ukun. Ka ninka wannan da dukan layukan da ke tsakanin Asiya da Turai da Bahar Rum da gabashin Amurka, sai ka ga an buƙaci jirage masu ɗimbin yawa a cikin 'yan makonni, alhali ƙera sabo na ɗaukar shekara biyu zuwa uku. UNCTAD ta ce zagayen ya ƙara buƙatar jiragen kwantena da kashi 12 cikin ɗari, ba tare da an ƙara kaya ko kwali ɗaya ba.

Daga ina za a samo su? Wanda ya taɓa neman mota a tasha ana jajibirin Sallah ya san amsar. Idan layin Legas ya yi tsada, direban da ya saba Kano zuwa Gumel shi ma can zai karkata, fasinjan Gumel ya tarar da mota ɗaya maimakon biyar, ya biya ninki ko da yake hanyar Gumel ba ta ƙara tsawo ba. Manyan jiragen Asiya zuwa Turai, masu ɗaukar kwantena dubu 20 zuwa 24, ba su isa cike giɓin ba, sai aka janyo matsakaita daga wasu layuka, waɗannan layukan suka janyo ƙanana daga wasu. Jiragen haya da ke zaune aka kwashe su tas, kuɗin hayar ya yi sama. Layin da ba shi da manyan abokan ciniki masu kwantiragin shekara shi ake fara ragewa, kuma Afirka da Kudancin Amurka suna cikin waɗannan. Shi ya sa a wannan lokacin dakon Shanghai zuwa Afirka ta Kudu ya kusa ninkawa uku, na Kudancin Amurka ya haura dala dubu tara, duk kuwa da babu ɗayansu da ke bin Suez.

Sai maganar akwatin kansa. Kwantenar da ke kan teku ƙarin sati uku, kwantena ce da ba ta koma Sin an sake cika ta ba. Wajen Mayun 2024 aka fara neman wofi a tashoshin Sin ana rasawa. Jirage kuma suka daina zuwa kan lokaci, yau babu ko ɗaya, gobe biyar sun iso tare. A Singafo jirgi kan jira har kusan mako kafin ya samu wurin tsayawa. Tanja ta Maroko da Aljasiras ta Sifaniya suka cika, domin kayan da a da ake saukewa a gabashin Bahar Rum an koma ajiye su a bakin Jibralta, ƙananan jirage su ƙarasa da su. Wani ɓangare na kayan Afirka ta Yamma ta waɗannan tashoshi biyu yake canja jirgi, don haka cunkoson ya taɓa mu kai tsaye. Masu shigo da kaya a Turai da Amurka kuma, tsoron kada kayan Kirsimeti su makara, suka fara oda tun watan Mayu, suka ƙara wa wuta fetur. Ma'aunin Drewry, wanda ke bin matsakaicin kuɗin kwantena mai ƙafa 40 a manyan layuka, ya tashi daga wajen dala 1,400 a ƙarshen Nuwamba 2023 zuwa kusan 5,900 a Yulin 2024.

Yanzu a dawo kan zargin zalunci. Ranar 3 ga Nuwamba 2023, sati biyu kafin a kama Galaxy Leader, Maersk ta sanar cewa tana rage ma'aikata dubu goma. Dalili kuwa, a lokacin korona kamfanonin sun ci riba irin wadda ba su taɓa gani ba, kuɗin kwantena ya haura dala dubu goma a Satumbar 2021, suka kwashi kuɗin suka yi odar sababbin jirage ba ji ba gani. Jiragen suka fara fitowa daga Sin da Koriya ta Kudu daidai lokacin da kasuwa ta faɗi. A Fabrairun 2024 ma Maersk gaya wa masu hannun jari ta yi cewa tana iya tafka hasarar da ta kai dala biliyan biyar a shekarar. Da shekara ta ƙare, riba ta ci ta sama da biliyan shida. Zagayen Afirka shi ya haɗiye rarar jiragen da ta kusa durƙusar da su. Ba su suka kunna rikicin ba, kuma kuɗin mai da na haya da suka ƙaru gaskiya ne. Amma ƙarin da aka ɗora wa mai kaya ya zarce ƙarin da suka kashe nesa ba kusa ba, in ba haka ba ribar daga ina ta fito? Kamfanoni goma ne ke riƙe da sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin dakon kwantena a tekunan duniya, MSC kaɗai na da kusan kashi ɗaya bisa biyar, sauran kuma sun haɗu ƙungiya-ƙungiya suna raba jirage. A irin wannan kasuwa ba sai an zauna an haɗa baki ba. Ɗaya ya sanar da ƙarin kuɗin lokacin cunkoso, cikin mako saura sun bi.

A ganina wannan ne wurin da masu murna da harin Huthi ba su cika son tsayawa ba. Gaskiya ne tashar Eilat ta Isra'ila ta kusa mutuwa, don jiragen motoci da take rayuwa a kansu sun daina zuwa. Amma yawancin cinikin Isra'ila ta Haifa da Ashdod yake bi, a Bahar Rum, kuma ya ci gaba, da tsada da jinkiri. Wadda ta sha duka sosai Masar ce. Mashigin Suez ya samar mata da sama da dala biliyan goma a 2023, a 2024 ya faɗo kusan biliyan huɗu, shugaba Sisi da kansa ya ce sun yi hasarar wajen biliyan bakwai, a ƙasar da kuɗinta ke ta faɗuwa tana neman rance. Sudan, wadda yaƙi ya ɗaiɗaita tun Afrilun 2023, galibi ta Fot Sudan take samun abinci da magani ta ruwa, tashar kuma a cikin Bahar Maliya take. Ma'aikatan da suka mutu talakawan Asiya ne masu neman abin kai wa iyali. Mutum na iya tausaya wa Gaza da dukan zuciyarsa, kuma ya yarda cewa kuɗin wannan takunkumi ba wanda aka nufa da shi ne ya fi biya ba.

Ga ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari, ƙarin dako ba ya zuwa shi kaɗai. Kwastam ba a kan kuɗin sayen kaya kawai take lissafa fito ba, tana haɗa kuɗin kaya da inshora da dakon jirgi, sannan ta cire kasonta. A ɗauki misali: kaya na dala dubu 20, dako ya tashi daga 2,500 zuwa 5,500, fito kashi 20 cikin ɗari. Ƙarin dala dubu uku na dako ya haifi ƙarin dala 600 na fito, harajin VAT na kashi 7.5 kuma ya hau kan jimlar. Duk wannan da dala ake auna shi, a daidai lokacin da naira ta zube daga wajen 460 a farkon Yunin 2023 zuwa sama da 1,400 a Fabrairun 2024, farashin dalar da kwastam ke aiki da shi kuma yana sauyawa kusan kullum. Mutum ya yi lissafin ribarsa ranar da ya biya kuɗi a Guangzhou, kaya su iso bayan wata biyu ko uku, ya tarar da lissafin ya zama tarihi. In bai haɗa kuɗin fito da wuri ba, 'yan kwanakin da kamfanin jirgi ke bayarwa kyauta su ƙare, dimorej, wato tarar makara, ya fara hawa kullum, tasha ma tana cajin nata na ajiya.

Kuma dukan bai faɗa wa kowa daidai ba. Kwantena cike da wayoyin hannu na iya kai dala miliyan, ƙarin dubu uku a kanta ba a ma jin sa. Kwantena cike da bokitan roba ko kujeru ko takalman silifa, wadda duka kayan cikinta ba su wuce dala dubu 15 ba, ƙarin ya cinye kashi ɗaya bisa biyar na jarin. Masu ƙaramin ƙarfi da ke haɗaka, mutum goma ko ashirin a kwantena ɗaya ana biya bisa awon wurin da kayanka suka ci, su ne suka fi ji, don ba su da bakin yin ciniki da kowa. Abin da ejan ya faɗa shi ke nan.

A Nijar abin ya zo a kan wani ciwon. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Benin, hanyar Kwatano da yawancin kayan ƙasar ke bi ta toshe. ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 amma Yamai ta bar nata ɓangaren a rufe. Kaya suka koma Lome, daga can tireloli su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar soja, wani lokaci a yi makonni ana jiran ayarin ya tashi. Ɗan kasuwar Maraɗi ya biya tsadar teku, ya zo ya biya ta tudu wadda ta fi ta.

Akwai wani abu da ya kamata a riƙe game da kuɗin haɗari, wato saurin hawansa da nawar saukarsa, kuma mu ma shaida ne. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su. Najeriya ta ƙaddamar da shirin tsaron ruwa na Deep Blue a Yunin 2021, hare-haren suka ragu ƙwarai, amma shekaru bayan haka hukumar NIMASA mai kula da sufuri da tsaron ruwa na ta kukan cewa ana ci gaba da cajin jiragen da ke zuwa Najeriya inshorar yaƙi. Masu inshora ba sa aiki da sanarwar gwamnati, sai sun ga an daɗe shiru.

Haka ta faru a Bahar Maliya. An tsagaita wuta a Gaza a Janairun 2025, manyan kamfanoni suka ce za su jira su gani, kuma ba a yi wata biyu cikakku ba yarjejeniyar ta rushe. A Mayu Oman ta sasanta Amurka da Huthi, hukumar mashigin Suez ta yi rangwamen kashi 15 cikin ɗari ga manyan jiragen kwantena don ta jawo su. A Yuli aka nutsar da jiragen Magic Seas da Eternity C cikin mako guda, aka kashe ma'aikata. Sauya hanyar layi ɗaya na nufin sake tsara jirage goma sha da tashoshi da kwantiragi, babu mai son ya yi haka sau biyu a shekara. Tarihi ma ya nuna teku na iya sabawa da rufewa: daga yaƙin 1967 zuwa 1975 Suez a rufe take ruf, jirage 15 suka maƙale a ciki shekara takwas, masu dakon mai kuma suka koma ƙera manyan tankoki da zagayen Afirka ba ya yi musu nauyi.

Abin lura shi ne kuɗin dako ya sauko sosai a 2025 alhali yawancin jiragen ba su koma Suez ba. A 2024 kaɗai an ƙaddamar da sababbin jirage masu ɗaukar kusan kwantena miliyan uku, jimlar ta duniya ta haura miliyan 30, rarar ta sake dawowa. Wani ɓangare nata ya gangaro mana: a Afrilun 2025 MSC ta fara turo jirage masu ɗaukar kwantena kusan dubu 24 zuwa Afirka ta Yamma, suna tsayawa a Lome da Abijan da Tema da Kribi, tashoshin da zurfinsu ya isa. Tashar Lekki ta Legas, wadda aka buɗe a 2023 da zurfin mita 16.5, an gina ta ne don ta shiga wannan sahu, Apapa da Tin Can kuwa ba za su iya ba.

Duk ranar da manyan layuka suka koma Suez gaba ɗaya, wancan kashi 12 da zagaye ya haɗiye zai fito fili a lokaci guda. Da farko za a yi cunkoso a tashoshin Turai, domin jirgin da ya bi gajeriyar hanya zai iso tare da wanda ya riga shi tashi da sati biyu ta doguwar. Bayan nan kuɗin dako zai zube, kamfanoni su koma soke tafiye-tafiye da rage gudu da aika tsofaffin jirage wurin yanka don su tsayar da farashi. Nawa ne daga wannan sauƙin zai iso Kano ko Maraɗi, ya danganta da farashin dala a ranar biyan fito, da kwanakin da kwantena za ta yi a tasha, da kuɗin tirela daga Legas, wanda dizal ke yankewa. An buɗe tashar tudu ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, don a riƙa sallamar kaya a Arewa, amma yawancin kwantenonin har yanzu a bayan tirela suke hawowa.